Ki fito da rubutunki tsakar gida

Wasiƙar wannan makon daga Gusau ta zo. Na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane mai ita.

"Anti, shekaruna 29, bakwai daga ciki a gidan miji. 'Ya'yana uku: babbar shekararta shida, mai bi mata uku, sai jariri ɗan wata biyar. Tun ina sakandare nake rubuta labari. Na kammala littafi huɗu a waya, ina sakinsu shafi-shafi a zaurukan WhatsApp, na ƙarshen ma sai an biya ake karantawa. Tunda na yi wannan haihuwar komai ya tsaya. Na karɓi kuɗin mutane a kan littafi na biyar, ga shi na maƙale a tsakiya, kullum saƙo ɗaya ne: ina ci gaba? Maigidana bai hana ni ba, amma ya ce in bari sai yara sun girma. Gida ɗaya muke da uwar mijina, in ta gan ni da waya sai ta ce, 'Ɗiya na kuka kina latse-latse, wanga abu mi za ya ƙare ki da shi?' Shi ya sa sai ƙarfe biyun dare, in jariri ya tashi shan nono, nake lulluɓa in rubuta abin da ya samu. Ran nan da rana wata magana ta zo mini, na ɗauki waya in rubuta kafin ta gudu, ban ankara ba mai shekara ukun ya jawo kwanon kunu mai zafi. Allah ya tsare, a ƙasa ya zube, kaɗan ya taɓa masa ƙafa. Tun ranar ban sake rubuta ko harafi ba. Abin da ya fi damuna, wani lokaci in jaririn ya yi kuka ina tsakiyar tunani sai in ji haushinsa, daga baya in zauna in yi ta kuka. Anti, ni muguwar uwa ce? In haƙura da rubutun gaba ɗaya? In na tuna haƙurin kuma, ji nake kamar za a binne ni da raina."

Ƙanwata, sannu da ɗawainiya. Allah ya raya mana yaran, ya ba ɗan namu mai ƙuna sauƙi. Sau uku na karanta wasiƙarki, kuma zan fara da tambayar da kika ajiye a ƙarshe, don na san ita ce take cin ki. Ke ba muguwar uwa ba ce. Haushin nan da kike ji gajiya ce ta rasa ta inda za ta fita. Duk macen da ta yi wata biyar ba ta sami barcin awa huɗu a jere ba za ta ji shi, ko da ba ta taɓa riƙe biro ba. Iyayenmu sun ji shi, ni ma na ji shi, faɗa ne ba a yi, saboda an tashe mu a kan cewa uwa ta gari ba ta gajiya. Alhali a Suratu Luƙman Allah ya ce uwa tana ɗaukar ɗa cikin rauni a kan rauni, yayensa kuma cikin shekara biyu. Wanda ya halicce ki ne ya kira wannan lokaci rauni. To don me za ki tuhumi kanki don kin raunana?

Sai dai kukan nan da kika ambata, ina so ki dube shi da kyau. Akwai 'yar damuwa da ke zo wa mace a kwanakin farko bayan haihuwa, ta wuce da kanta cikin mako biyu. Akwai kuma ciwon damuwa na bayan haihuwa, wanda "ki yi haƙuri" ba ya maganinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa, kusan mace ɗaya cikin biyar da suka haihu tana gamuwa da irin wannan lalura. In kin ga kukan kullum ne, abinci ya fita ranki, jariri ya yi barci amma ke idonki biyu, abin da yake faranta miki a da yanzu bai dame ki ba, ko tunanin cutar da kanki ko yaron ya taɓa gifta miki, kar ki jira ranar rigakafin wata tara. Ki je asibitin da kika yi awo, ki faɗa wa likita ko malamar jinya kamar yadda kika faɗa mini. Ki kuma ce a duba jininki. Haihuwa uku cikin shekara shida tana cin jini, ƙarancin jini kuwa yana kawo kasala da jiri da nauyin kai, har mace ta ɗauka basirarta ce ta ƙafe. Wannan ba raunin imani ba ne. Ana addu'a, ana shan magani.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarki, har fiye da kunun: lulluɓar nan ta ƙarfe biyun dare. Kin mayar da rubutunki kayan sata. Kina satar lokaci daga barcinki, kina satar idon uwar mijinki, da rana ma sai kin waiga kafin ki ɗauki waya. Abin da ake yi a ɓoye ba shi da gurbi a gida. Ba wanda zai ce wa yara "ku yi shiru, Mama na aiki", don ba wanda ya san aiki ne. Tunda kuwa ba shi da lokacinsa, dole ya riƙa faɗo miki a kowane lokaci, har a bakin murhu. Da kina da awa biyu ranar Asabar da kika tabbata naki ne, da maganar da ta zo miki ranar kunun ba ta ruɗa ki ba. Kin yi wuf kin ɗauki waya ne saboda kin san in ta gudu ba ki da ranar kamo ta.

Don haka ba zan ce ki bari ba, ba kuma zan ce ki ci gaba yadda kike yi ba. Ki fito da rubutun nan tsakar gida kowa ya gan shi, a yanka masa lokacinsa kamar yadda girki da wanki suke da nasu.

Ni a Talata Mafara na tashi, a hannun kakata. Har yau ina ganinta durƙushe gaban dutsen niƙa da sanyin asuba, ƙanena ɗaure a bayanta da majanyi, kansa yana lilo duk sanda ta tura ɗan dutsen. Tana niƙa tana waƙa, waƙar kuma tata ce, a nan take ƙaga ta. Ta yabi ƙaninta da ya tafi cin rani, ta yi wa abokiyar zamanta habaici, ta koka da tsadar gishiri, amshin yana faɗawa daidai inda dutsen ke komowa. In ta gama sai ta share garin da gefen hannu cikin ƙwarya, waƙar ta tafi ke nan, gobe wata ce. Ba wanda ya taɓa ce mata taura biyu ba ta taunuwa. Matan ƙasar nan ba su taɓa jiran yara su girma kafin su nuna fasaha ba. Waƙar daka, waƙar raino, tatsuniya bayan isha, zanen ƙwarya, saƙar faifai, ɗinkin hula, duk da goyo a baya aka yi su.

Amma kar wani ya ɗauki wannan ya yi miki gori da shi. Waƙar niƙa tana tafiya tare da aikin hannu, rubutu kuwa yana son hannun, yana son idon, yana son kan gaba ɗaya. Gidan kakata kuma mata shida ne a cikinsa. In yaro ya yi kuka kafin uwarsa ta juyo wata ta sure shi, ranar da ba girkinta ba kuwa ko tukunya ba ta taɓawa. Ke fa? Ke ce mai girki kullum, ke ce mai wanki, ke ce mai shirya 'yar makaranta, ke ce mai tashin dare. Abin da ya ragu tsakanin zamaninsu da naki hannuwa ne, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. In kin ga kin gaza, ki fara ƙirga hannuwan da ke gidan kafin ki ƙirga laifinki.

Haka nan in an kawo miki misalin Nana Asma'u 'yar Shehu, ki karɓe shi da cikarsa. An haife ta a 1793, ta rasu a 1864. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, Wazirin Sakkwato, ta haifi 'ya'ya maza shida, na farin ya rasu yana jariri, ta kuma bar rubuce-rubuce fiye da 50 da Fulatanci da Hausa da Larabci. Ga uwa ga malama, gaskiya ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne babban gida take, mai jama'a, gidan da kowa ya san karatu da rubutun mace aiki ne, mijin nata ma marubuci ne. Mafi yawan abin da ya iso mana daga alƙalaminta kuma ta rubuta shi ne bayan ta haura shekara 35, ta ci gaba har ta kai 70. Ita kanta ta san nauyin shekarun goyo. Da ta kafa 'Yan Taru, masu tasowa daga ƙauyuka su zo ɗaukar karatu wurinta dattawan mata ne da 'yan mata ƙanana, ƙarƙashin shugabarsu mai malfa da ake kira jaji, su koma su kai wa masu goyo har cikin ɗaki. Ba ta cire masu goyo daga ilimi ba, hanya ta sake wa ilimin don ya same su inda suke. Ke fa shekarunki 29 ne kacal.

Ba ma sai mun koma can baya ba. Hajiya Hafsat Abdulwahid, wadda ta daɗe zaune a garinku Gusau, ita ce mace ta farko a Arewa da aka buga wa littafin ƙagaggen labari da Hausa, a 1980, bayan gasar da kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya shirya. A lokacin matar aure ce mai 'ya'ya. Garin da kike ciki ya riga ya ga irinki.

Mu zo kan maigida. Kin ce bai hana ki ba, kar ki raina wannan, mata da yawa da ke rubuto mini ba su samu ba. "Ki bari sai yara sun girma" magana ce ta mai tausayi wanda bai zauna ya yi lissafi ba, sai ki taya shi cikin sanyin murya. Jaririn nan sai ya kusa shekara biyu za a yaye shi, sai ya kai biyar ko shida kafin ya iya yi wa kansa wasu abubuwa. In Allah ya kawo wani nan da shekara uku, lissafi ya koma farko. Yadda haihuwarki take tafiya, "sai sun girma" na iya zama shekara 15. Na san matan da aka ce wa haka suka amsa da to. Yau suna aurar da 'ya'ya, in kin tambaye su ina littafin nan sai su yi murmushi su kau da kai. Maganar tazara tsakanin haihuwa taku ce ku biyu da likita, amma tana cikin lissafin, kar a tsallake ta.

Kar ki tare shi da zancen yana shigowa a gajiye, kar kuma ki fara da "ba ka damu da ni ba". Ki bari ya ci abinci, yara sun kwanta. Ki gaya masa labarin ƙarfe biyun dare, don ina kyautata zaton bai sani ba. Sannan ki roƙi abu ƙayyadadde wanda zai iya cewa to ko a'a a kansa. "Ina so ka riƙa taimaka mini" ba shi da kai ba shi da gindi, namiji zai ce to ya manta. Amma ki ce masa, "Asabar da Lahadi, daga tara zuwa sha ɗaya, babbar tana Islamiyya, ka fita da ƙaramin, jaririn kuma zan shayar da shi in miƙa wa Inna." Wannan zai gane shi. In kasuwa ko aiki ba za su bar shi ba, to a nemo hannu: wata ƙanwarki ko tasa da za ta riƙa zuwa wuni, ko ki haɗa kai da maƙwabciya mai goyo, yau ki riƙe nata awa biyu, gobe ta riƙe naki.

Abin da kike roƙo ba baƙo ba ne a addininmu. Da aka tambayi Uwar Muminai A'isha me Annabi (SAW) yake yi a gida, cewa ta yi yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Hadisin yana cikin Bukhari. Ba sai kin karanta masa kamar mai wa'azi ba, ke dai ki san shi don ki yi maganar ba tare da jin kin roƙi abin kunya ba. A cikin Bukharin dai akwai maganar da Salmanul Farisi ya yi wa Abud Darda'i, Annabi ya gaskata shi: Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowa nasa. Mu mata mun riƙe na farko da na ukun gam, na tsakiyar ne muke tsallakewa.

Inna kuwa, ki ari idonta ki kalli kanki. Me take gani? Matar ɗanta sunkuye a kan waya, jikanta na kuka. Ba ta ganin labari. Abin da ta sani game da waya shi ne hira da kallon bidiyo da abubuwan da take ji ana cewa suna kashe aure. Don haka ki sayi littafin rubutu mai kauri da biro, ki shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda za ta gan ki, kafin rana ta take. Tsohuwar da ta tashi tana ganin allo da tawada tana girmama mai rubutu a takarda. Daga baya kya juye a waya. Takarda ma ta fi miki a wannan lokaci, ba ta kawo saƙon kowa, in an ɗauke wuta kuma ba ruwanta da caji.

Sannan ki jawo ta ciki. Wata rana da la'asar, tana tsinke zogale ko kina tsince shinkafa, ki ce, "Inna, in karanta miki wani abu ki gaya mini ko haka ake yi a da?" Ki zaɓi wurin da babu soyayyar da za ta sa ku jin kunyar juna, kamar biki ko jego ko rabon gado. Za ta gyara miki. Za ta ce ba haka ake kamun amarya a garinsu ba, ba haka tsohuwa ke magana ba. Ki rubuta gyaran a gabanta, ta ga maganarta ta hau takarda. Ranar da ta ji kin karanta mata shi da kalmominta a ciki, ina sa ran ita za ta fara ce miki kawo yaron ki je ki ƙarasa. Kuma ba dabarar zama da suruka kaɗai nake koya miki ba. Hausar da ke bakin matar nan, ta "munka" da "sunka" da karin maganar da ba ta cikin kowane littafi, dukiya ce da yawancin masu rubutu a waya ba su da ita. Yana damuna yadda labaran suka koma iri ɗaya, Hausa ɗaya, gidajen attajirai ɗaya, kamar babu mai rai a Anka ko Zurmi ko Tsafe da ya isa a ba da labarinsa. Ke rumbu gare ki a cikin gida. In kuma kin yi duk wannan ba ta sauko ba, ki ci gaba da girmama ta, ki bar ɗanta ya yi mata bayani, shi ya san ta inda ake shigarta.

Sai masu "ina ci gaba?". A nan zan ɗan matsa miki. Kuɗin da kika karɓa bashi ne, kuma ina jin rabin toshewar da kike fama da ita nauyinsa ne. Ki rubuta musu yau, a gajarce: na haihu, ina shayarwa, littafin zai tsaya zuwa wata kaza, mai son kuɗinta ta yi magana, mai iya jira na gode. Ki mayar wa duk wadda ta nema, ko da kaɗan-kaɗan ne. Da yawa za su ce Allah ya raya, don su ma masu goyo ne irinki. Daga nan kar ki sake sayar da littafin da ba ki gama ba. Sakin shafi kullum na mai lokaci ne. Yana cin marubuciya yadda wuta ke cin kara, yana sa ta ja labari ya yi ta tsawo ba don labarin yana so ba. Mai jariri ba ta da abin da za ta ciyar da shi. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Ki gwada gajeren labari. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata zalla, labarin kalma 1,000 zuwa 1,500 take karɓa. In za ki shiga ki duba ƙa'idojin shekarar, amma na kawo ta ne don ki ga girman abin: labarin da za ki iya riƙe shi duka a ka kina wanke-wanke, ki zuba shi a zama uku ko huɗu. In kuma ranki yana kan dogon littafi, to ga lissafi. Kalma 500 a zama ɗaya, zama biyu a mako, 1,000 ke nan. Ki cire makonnin azumi da na salla da na zazzaɓin yara, za ki tashi da wajen 40,000 a shekara. Littafi ne cikakke, wanda aka rubuta da rana tsaka, ba tare da an saci barcin kowa ba.

Maganar da ke zuwa a bakin murhu kuwa, ga doka, kuma ba sassauci a cikinta. In wuta na ci, ko akwai ruwan zafi a ƙasa, ko yaro yana kusa da rijiya ko bokitin ruwa, waya tana ɗaki. Kunu da shayi a ɗora su inda hannun ɗan shekara uku ba ya kai. Abin da ya faru ya faru, Allah ya taƙaita, ki ɗauki darasi ki bar tuhumar kanki haka nan. Yara suna jawo kwano a gidajen da ba a taɓa rubuta ko wasiƙa ba. In magana ta zo miki hannunki na cikin aiki, ki yi irin na kakata: ki faɗe ta da baki, ki maimaita sau uku, ki rera wa na bayanki ita in ta kama. Abin da baki ya maimaita ba ya saurin gudu. In kin sauke tukunya kin zauna shayarwa, ki danna naɗar murya ki zuba. Dare kuma ki bar wa barci. Kan da bai yi barci ba ba ya ƙaga sabo, tsoho yake ta juyawa.

Bari in gaya miki nawa. A goyona na biyu na yi wata 14 ban rubuta komai ba sai lissafin cefane, har na sallama. Abin da kawai na riƙe shi ne wani ɗan littafi da nake ajiyewa cikin kwalla, ƙarƙashin zannuwa. In na sami sarari sai in rubuta layi ɗaya: yadda ungozoma ta dafa kafaɗata ta ce "yi nishi, ɗiyata", ƙamshin kunun kanwa da asuba, ranar da 'yata ta nuna wata ta ce fitilar Allah, maganar da wata mata ta yi a layin rigakafi game da mijinta da ya yi shekara bai aiko ba. Da na yaye na buɗe littafin, sai na tarar iri na tara. Kafin in haihu, in na rubuta mace tana tsoron rasa ɗanta, sai in ce ta kurma ihu ta faɗi sumammiya. Bayan na kwana uku a asibiti riƙe da hannun yaro ana ƙara masa ruwa, na gane uwa tana iya zama shiru, tana ninke 'yar rigarsa tana warwarewa, tana sake ninkewa. Wannan ba a koyonsa a littafin kowa.

Ke ma a makarantar kike yanzu, kuma kina zaune a garin da ke cike da labarin da ba a rubuta ba. Kina ganin matan da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukansu zuwa Gusau, goyo a baya, wani a hannu, suna fakewa a kangaye. Wadda ta san nauyin goyo a gadon bayanta ita ce za ta iya rubuta abin da ake ji in an gudu da shi cikin dare, ana toshe masa baki kar ya yi kuka. Ban ce lallai ki rubuta wannan ba, alƙalaminki naki ne. Kashedi ɗaya dai zan yi miki: sirrin mijinki da na 'ya'yanki ba kayan labari ba ne. Ki ɗauki abin da ranki ya ji, ki sauya masa gida da suna da gari. Nan da shekara kaɗan babbar za ta iya karatu sosai, kuma za ta nemi abin da uwarta ta rubuta. Tun yanzu ma ki bar ta ta riƙa ganinki da littafin. Ki ba ta takarda da fensir ta zauna gefenki. Za ta dame ki da tambaya a farko, daga baya ta saba, har ita za ta riƙa korar ƙaninta.

In kuma bayan duk wannan jikinki ya ce a'a, kika zaɓi ki huta har yaye, ki huta da zuciya ɗaya. Manomi yakan bar gona ta huta, ba ya cewa ya sayar da ita. Ki dai sa wa hutun rana, ki faɗa wa maigida ranar, ki kuma riƙe ɗan littafin layi ɗaya-ɗaya. Binnewar da kike tsoro ita ce a yanke miki ba da saninki ba, kuma ba ranar dawowa.

Asabar mai zuwa, in an dace an karɓi jaririn, kar ki ce bari in fara rage wanki tunda an sami sarari. Wankin zai jira sha ɗaya. Ki shimfiɗa tabarmar ki buɗe littafin. Wataƙila zaman farko ba abin da zai fito sai hamma, ko ma barci ya ɗauke ki a kan takardar. Ba komai, ki koma Lahadi. In kin gama labarin farko ki turo mini, ina so in karanta. Ki gaida Inna, ki shafa mini kan yaran.